Bindigar da ta hana ni goya takwarata

“Duƙa,” in ji Inna.

Ta riga ta ɗago yarinyar da hannu guda, majanyi rataye a kafaɗarta, ni kuma har na fara sunkuyawa don jikina ya saba. Sai da gwiwoyina suka lanƙwashe sannan na tuna abin da ke maƙale a bayana ƙarƙashin hijabi, daidai inda cikin yarinyar zai kwanta. Bindiga ce, da harsashi a cikinta. Na miƙe zumbur na matsa gefe. Inna ta tsaya da jikarta a sama, ƙafafun yarinyar na lilo, tsakar gida cike da matan suna, kowa ya juyo yana kallona.

Wallahi ko me zan manta a rayuwata, ban da wannan ranar. Shekaru sun wuce, amma ko yanzu da nake danna wayar nan ina jin muryar Inna a kunnena kamar tana bayana.

Bari in koma baya kaɗan, don ku gane yadda aka yi bindiga ta hau bayana har ta shiga gidan da bai kamata ta shiga ba.

Ni 'yar Bungudu ce, amma aiki ya zaunar da ni Gusau, a Tudun Wada. Babanmu hatsi yake saye yana sayarwa, kasuwar Tsafe ce kasuwarsa. Ina sakandare 'yan bindiga suka tare motarsu a hanyar dawowa, Baba bai dawo da ƙafarsa ba. Ranar da aka share makoki Inna ta tsaya a ƙofar ɗakinta, gaban 'yan uwa, ta rantse da Allah bindiga ba za ta ƙara ƙetare dokin ƙofar gidanta ba tana raye. Kuma ba wasa take ba. Akwai wani maharbi maƙwabcinmu, tsoho ne abokin Baba, in zai shigo gaisuwa sai ya jingine tasa a waje. Wata sallah wani jikanta ya shigo da bindigar roba yana ta tau-tau a tsakar gida, Inna ta karɓa ta jefa a murhu. Yaron ya yi kuka har ya gaji, ta saya masa balan-balan.

To ku auna ranar da na ce mata zan shiga aikin ɗan sanda. Sai da Yayana ya yi ta zarya yana lallashi kafin ta yarda, shi ma da sharaɗin a ofis zan zauna ina rubutu. Haka kuwa aka yi da farko. Kaki, tebur, takardu, in tashi in hau keke napep in koma gida. Daga baya aka mayar da ni sashen farin kaya, saboda ana neman mata da za su iya shiga kasuwa ko motar haya ba tare da kowa ya ɗago kai ya kalle su ba. Na kira Inna na ce mata an cire min kaki. Ta yi hamdala har sau ba adadi, washegari ta soya masa ta raba sadaka, ita a ganinta an ƙara nesanta ni da bindiga ke nan. Na buɗe baki zan yi bayani, na ji yadda muryarta ke rawa don murna, na rufe bakina.

Shugabar rukuninmu wata mata ce daga wajen Jos, Kirista, amma ta daɗe a Gusau har Hausarta ta koma ta nan. Madam muke ce mata, ita kuma ni tana kirana Hajiya ƙarama. Ita ta kai ni ma'ajiyar makamai ranar da zan zaɓi tawa. Aka jera min guda uku a kan tebur. Ɗaya babba irin wadda mazan ke ratayawa, ɗaya 'yar tsakiya, ɗaya kuma 'yar ƙil, in na rufe tafin hannuna ta kusa ɓacewa. Ni kuwa idona na kan 'yar ƙil ɗin nan, har na miƙa hannu.

Madam ta buge min hannu. “Ke, ba ɗan kunne kika zo saye ba. Ƙaramar nan da kike gani ta fi kowa cizo. Kwashe su duka, filin harbi za mu.”

Filin yana bayan gari, gindin wani tsauni. Da safe muka je, mu da wasu maza abokan aiki. Na fara da 'yar ƙil ɗin da nake so. Ina danna kunama ta yi tsalle a hannuna kamar kifi, ta cije min fatar da ke tsakanin babban yatsa da manuni. Allon da nake saiti ko ƙura bai yi ba. Wani abokin aikinmu mai shegen tsokana ya dafa kai ya ce, “Hajiya, allon yana can gaba. Ki bar tsuntsayen Allah su ci abinci, ba su yi miki komai ba.” Kowa ya fashe da dariya, har Madam. Na sake gwadawa, yatsana na ƙarshe ba shi da wurin zama a jikinta, yana lilo a iska. Na gane maganar Madam. Abin da ya yi sauƙin ɓoyewa ba lallai ya yi sauƙin riƙewa ba.

Babbar kuwa daɗi gare ta a fili. Tana da nauyi, ba ta tsalle, harsashi na zuwa inda na aike shi. Har na fara jin kaina. Sai Madam ta ce in sa ta a kube in ɗaura in saki hijabi in yi tafiya. Na yi taku kaɗan, mai tsokanar nan ya ce, “Madam, ki bincike ta, muciya ta sato.” Gaskiyarsa ne. Ko makaho zai san akwai abu a jikina.

Haka na ƙare a kan 'yar tsakiyar. Ba ta kai babbar daɗin harbi ba, ba ta kai ƙaramar ɓoyuwa ba, amma duk yatsuna sun sami wurin zama, kuma hijabi na rufe ta. Na ce shi ke nan na zaɓa. Madam ta ce ban zaɓa ba tukuna, bindiga ba a fili kaɗai ake gwada ta ba. Muka koma ofishinta, ta tabbatar babu komai a ciki, ta kulle ƙofa, ta sa ni na ɗaura. Ta ce in zauna a kujera. Na zauna. In zauna a tabarma in miƙe ƙafa kamar a gidan biki. Na yi. In durƙusa kamar zan gaida surukai. Na ce Madam ko saurayi ba ni da shi, ta ce in durƙusa dai, ana tanadi. Sannan ta ce, “Yi min sunkuyon nan naku na sallah. Ni ba na yi, amma na san akwai goshi a ƙasa.” Na yi ruku'u, na yi sujada, tana zagaye ni tana duba ko wani abu ya turo. Babu. Ta ce to yanzu na zaɓa.

Da farko a gefen ƙugu nake ɗaura ta, yadda Madam ta koya min. Matsalar ita ce aikina yawanci a motar haya yake, Gusau zuwa Tsafe, Tsafe zuwa Gusau, ina zaune cikin fasinja ina sauraro ina lura. Kun dai san yadda ake cusa mutane a bayan mota. Wata rana wata tsohuwa da ke manne da ni ta dinga zungurar bindigar da gwiwar hannu, can ta ce, “Yarinya, mi ag ga ƙugunki? Waya ce ko dutsen guga?” Na yi dariyar dole na ce caja ce Iya. Ranar na mayar da kuben tsakiyar baya. A can babu gwiwar hannun kowa.

Madam ba ta so ba. Ta ce baya ba ya ganin kansa, hannu na daɗewa kafin ya kai, in kuma na faɗi a kai ƙashin bayana ne zai biya. Na ce zan saba. Na dinga zuwa fili duk ranar da aka ba mu dama, ina maimaitawa har hannuna ya san hanya ba sai na yi tunani ba. Ta gaji ta ƙyale ni. Mun gwada zama, mun gwada durƙuso, mun gwada sallah, mun gwada mota. Ni ba ni da ɗa, ita 'ya'yanta sun girma har suna jami'a. Babu wadda ta tuna da goyo a cikinmu.

Kuma ba zan ɓoye muku ba, ina son jin bindigar a bayana. Duk lokacin da mota ta zo daidai kwanar da aka ce a nan aka tare su Baba, sai in jingina da kujera in ji taurinta, in karanta masa Ƙulhuwallahu a zuci. Ban san ko ƙarfin hali take ba ni ba ko kewa take ƙara min.

Ana haka matar Yayana ta haihu, namiji. 'Yarsu ta fari sunana aka sa mata, takwarata ce, lokacin ba ta cika shekara biyu ba. Yarinyar nan tun tana jaririya in na je Bungudu a bayana take wuni. Ko uwarta in ta gaji da rigimarta cewa take, bari gwaggonki ta zo. Makon sunan kuwa an sa mu cikin shiri a wurin aiki, kowa da kayansa a jiki, waya a kunne. Na roƙi Madam, ta ce in je in dawo kafin la'asar, amma kada in rabu da kayana ko na minti ɗaya, don ana iya kira daga can in wuce.

Na sauka a Bungudu da hantsi. A ƙofar gidanmu na tsaya, ina kallon dokin ƙofar nan da Inna ta yi rantsuwa a kansa. Ba ni da inda zan ajiye bindigar. Ba abu ba ne da za ka ba mai shago ajiya, kuma doka ba ta yarda in miƙa wa kowa ba, ko Yayana. Na ce a raina ai ba daɗewa zan yi ba, in yi barka, in ga jariri, in ci abinci in fito, wa zai sani? Na yi bismillah na ƙetare.

Komai ya tafi daidai da farko. Na durƙusa na gaida Inna, gwajin Madam ya yi aiki. Na shiga ɗakin mai jego na ɗauki jariri a hannu. Na zauna a tabarma cikin gwaggonni, suna ta min tsiyar yaushe za a ci nawa. Sai takwarata ta farka daga barci. Ta ga gida cike da baƙi, ta ga uwarta rungume da wani sabon mutum, ta ɓarke da kuka. Aka ba ta alawa ta jefar. Aka ba ta masa ta watsar. Tana hango ni ta taho da gudu ta rungume ƙafata tana cewa, “Gwaggo, goyo. Gwaggo, goyo.” Inna ta taso daga bakin murhu tana goge hannu, ta zaro majanyi a igiya, ta ɗago ta. Nan ne ta ce in duƙa, nan ne kuma na kauce.

Ku da kuka taso a gidajenmu kun san abin da na yi. A miƙo maka ɗan ɗan'uwanka ka kauce, gaban jama'a, ranar suna. Ai gara ka yi zagi.

“Lafiya?” in ji Inna.

Na ce, “Bayana ke ciwo, Inna.”

Wata gwaggonmu, ƙanwar Baba, mai bakin da ba ya ajiye magana, ta tafa hannu. “Awo! Bayan ma'aikata ke nan. Kujerar gwamnati ta cinye shi. Ku bar ta, kada a ɓata mata leshi da fitsari.” Wata ta ce ai 'yan Gusau yanzu a keke suke tura yara kamar masu tallan rake. Aka yi dariya, amma ba duka dariyar ce ta wasa ba. Ta tagar ɗaki na hango matar Yayana. Mu da ita kullum cikin tsokanar juna muke, irin ta matar wa da ƙanwar miji, amma ranar labule kawai ta sauke. Wannan ya fi min maganar gwaggo ciwo.

Yarinyar kuwa ta ƙara volume, tana miƙo hannu tana kiran sunana na gwaggo kamar za ta shiɗe. Na ce a ba ni ita in riƙe a hannu. Ta ƙi, ita baya take so, wurinta ne.

Inna ta sauke ta ta miƙa wa wata, ta kalle ni. “Taho in shafa miki man zafi.”

Na ce ai na sha magani.

“Taho, na ce.”

Na bi ta ɗaki kamar wadda za a kai wa alƙali. Ta saki labule ta tura ƙofa. Ɗakin Inna yadda na san shi tun ina yarinya, ƙamshin turaren wuta, randa a lungu, gadon ƙarfe, adakarta a ƙarƙashi. Ba ta ko nemi man zafin ba. Ta zagayo bayana ta ɗora tafin hannunta tsakanin kafaɗuna, ta gangaro da shi a hankali, yadda take min in ina zazzaɓi. Hannun ya zo kan abin ya tsaya.

Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Ina jin hayaniyar mata a waje, ina jin kukan takwarata, ina jin hannun Inna a bayana. Ba ta janye shi ba. Abin da nake jira shi ne ta ce in fita mata daga gida. Ko ta ce in zaɓa, ita ko aikin. Kuma na san in ta faɗi haka ba ni da amsar da ba za ta karya ni ba.

“Wagga ita ce cire kakin?” ta tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

Na ce, “Ita ce, Inna.”

“Ni kuma ina ta rabon masa.”

Na durƙusa, hawaye sun riga sun zubo. Na fara ba ta haƙuri, na ce ba ni da inda zan ajiye ne, na ce yanzu zan fita. Ta ɗaga min hannu.

“Ta taɓa cin mutum?”

“A'a wallahi. Takarda kawai take ci a filin harbi.”

“Ina kike zuwa da ita?”

Nan ne na so in yi shiru, amma Inna ba a yi mata shiru. Na ce hanyar Tsafe. Ta zauna a bakin gado kamar an zare mata ƙashi. Can ta ce, “Hanyar da ta ci ubanki ita kike bi kullum, ni ina nan ina cewa ɗiyata tana ofis tana shan iska.” Na ce ai don kada a ƙara yi wa wani abin da aka yi mana ne. Ba na jin ta yarda da hujjar, har ta rasu ban ji ta ce ta yarda ba.

Kukan yarinyar ya ƙara tashi a waje. Inna ta ɗago kai ta saurara, sai ta share fuska da bakin zani ta ce, “Cire ta.”

Na juya wajen bango na cire, na zare gidan harsashin, na duba na tabbatar babu saura a ciki. Na ce mata amma ba zan iya ba kowa ba, ko ita, haka dokar take. Ta ce wa ya ce tana so ta taɓa? Ta durƙusa ta jawo adakar nan daga ƙarƙashin gado, ta kwance makulli daga bakin zaninta ta buɗe. Mu duka gidan mun san abin da ke ciki, amma ba a buɗe ta gabanmu. Zannuwanta na aure ne, sai rigar Baba da hularsa a sama, a ninke, waɗanda ya cire ya rataye da safen da ya tafi Tsafe.

“Sa ta nan,” ta ce.

Na tsaya. Na ce, “Inna, a kan rigar Baba?”

“Shi ya san ta fiye da mu duka. Sa ta.”

Na sa. Ta rufe ta danna kwaɗo, ta kamo bakin zanina ta ƙulle makullin a jiki da hannunta, ƙulli biyu. “Ga shi nan. Ke ad da makulli, ba ki ba kowa ajiya ba. Na rantse ba ta shigo min gida, ban rantse ɗiyata ba ta shigowa ba. Tashi, yarinya na kuka.”

Muka fito. Inna ta karɓi takwarata ta ɗago ta da hannu guda kamar ɗazu, ta ce, “Duƙa.” Na duƙa. Ta kwantar min da ita, ta ja zani ta rufe, ta zagayo da majanyi ta ɗaure min a ƙirji da kanta, ta ɗan bubbuga ɗuwawun yarinyar. Kukan ya tsaya kamar an kashe rediyo. Na ji ɗumin cikinta daidai wurin da ƙarfen nan yake ɗazu, tana ajiyar zuciya, ta cusa fuska a wuyana.

Gwaggo mai baki ta ce, “A'a! Har bayan ya warke?”

Inna ta ce, “Ya warke.”

“To wallahi ni ma a shafa min man nan, gwiwata ta dame ni.” Aka kwashe da dariya, wannan karon ta gaske. Labulen ɗakin mai jego ya ɗaga, matar Yayana ta leƙo ta ce, “Ma'aikaciya, in ta yi miki fitsari ki rubuta rahoto.” Na ce zan rubuta, uwar zan fara kamawa. Shi ke nan muka shirya.

Da goyon na ci tuwon suna, da shi na yi wanke-wanke. Da lokacin tafiya ya yi yarinyar ta yi barci, Inna ta sauke ta, na shiga ɗaki ni kaɗai na buɗe adaka na ɗauki kayana. Da na fito na miƙa mata makullin. Ta raka ni har zaure, abin da ba ta saba ba. A nan ta ce min, “Ki canza mata wuri. Bayan mace na goyo ne.”

Bayan kwana biyu Yayana ya kira ni yana tambaya ko na san abin da ya sami Inna. Wai ta dafa tuwo da miyar nama ta aika an kira mabuƙata goma ta ciyar da su, ya tambaye ta sadakar me, ta ce tsakaninta da Ubangijinta ne. Ni na sani. Kaffarar rantsuwa ce. Na kira ta ina kuka na ce ni ya kamata in yi, ni na shigo da ita. Ta ce, “Ke kin shigo da ita ban sani ba. Ni na buɗe mata adaka ina sane. Kashe waya, kina cinye katinki.”

Na koma fili na mayar da kuben gaba ta gefe, na sake koyon komai daga farko, hannuna na ta zuwa baya yana dawowa wayam, mai tsokanar nan yana cewa Hajiya ƙaiƙayi take. Da na ba Madam labari ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ce, “Ni na faɗa miki ba ki ji ba. Sai da Inna ta faɗa.” Tun daga ranar duk macen da aka kawo sashenmu, bayan zama da durƙuso da sallah, sai Madam ta ɗauko filo da zani ta ce a goya.

Ni da Inna kuwa abin ya zame mana al'ada. In na je Bungudu ina bakin aiki, ina gama gaishe ta sai ta kwance makulli ta miƙo min ba tare da ta kalle ni ba, tana ci gaba da hirarta. In ba na ɗauke da komai sai in ce, “Yau ni kaɗai ce.” Ta ce madalla. Ba mu ƙara ambatar sunan abin ba. Yayana har yau bai san me makullin ke nufi ba, in ya karanta wannan zai sani.

Inna ta rasu wata damina, ciwon 'yan kwanaki. Da aka zo rabon kayanta kowa na zaɓen zani da kwanuka, ni adakar na roƙa. Tana ɗakina a Tudun Wada yanzu, rigar Baba na ciki, na ƙara da majanyin nan. Na yi aure bayan rasuwarta, na haihu. Ranar da zan fara goya ɗana na tsaya a tsakar ɗaki da zani a hannu, na sunkuya, sai na ga ina jira. Ina jiran a ce min duƙa. Ina jiran hannun nan ya kwantar min da shi, ya zagayo ya ɗaure, ya bubbuga. Maigidana ya shigo ya same ni a sunkuye ina kuka, yaro a kan gado yana wasa da ƙafarsa. Takwarata ta girma, tana firamare. In na je tana min kallon 'yan mata, ta manta ta taɓa tada gida a kan bayana.

Yanzu ni ce ƙananan ke zuwa suna tambaya wace za su zaɓa, babba ko ƙarama. Ina gaya musu abin da Madam ta koya min, a gwada a hannu, a gwada a fili, kada a bi kyan ido. Amma abin da ranar sunan nan ta koya min daban ne. Duk abin da za ka ɗauka a jikinka ka ɓoye, ka fara tambayar kanka wurin wa zai tare. Tawa wurin takwarata ta tare, kuma saura kaɗan ta tare min ƙofar uwata. Allah ya sa uwar tawa ta zaɓi ta karya rantsuwarta ta biya, da ta bar 'yarta a waje.

Allah ya jiƙan Inna, ya jiƙan Baba. Ku da naku iyayen ke raye, akwai abin da kuke shiga da shi gidansu a ɓoye ƙarƙashin riga kuna cewa don kada hankalinsu ya tashi ne? In yau hannun mahaifiyarku ya sauka a kansa, me za ku ce mata?